AMSOSHIN WASIƘUNKU: Tun Kafin A Fita Farauta Ake Yanke Rabo

   

A wannan mako wasiƙu uku na ware: ɗaya daga Tsafe, ɗaya daga nan Gusau, ɗaya kuma daga Bungudu. Masu wasiƙun ba su san juna ba, amma dukkansu ƙofa ɗaya suka ƙwanƙwasa, watau rigimar rabon kaya a cikin wasannin nan da yara da samari ke yi a wayar hannu ta hanyar intanet. Kamar yadda muka saba, idan magana ta shafi cikin gida ba mu faɗin suna.

Kada wani ya ce a ransa wannan ai zancen yara ne, ya murɗa rediyonsa. Zancen rabo ne, kuma ku da kanku kun san gidaje nawa rabo ya raba, da abokan ciniki nawa ya hana gaisawa. Saboda haka a gyara zama.

WASIƘA TA FARKO, DAGA TSAFE

Mai wannan wasiƙa wani Alhaji ne mai sayar da hatsi. Bayan gaisuwa, ya ce ɗansa mai shekara 16 da ɗan ƙanensa, waɗanda suka tashi ɗaki ɗaya kwano ɗaya, sun yi dambe har da yaga riga a kan wani wasa da ake kira PUBG. Da ya tsare su, ɗansa ya ce wai shi ya faɗi yana neman ɗauki, ɗan'uwan nasa ya bar shi kwance ya ruga ya kwashe kayan akwati. Alhaji ya ce ya duba ɗakin bai ga wani akwati ba, bai kuma ga abin da ya ɓace ba. Yau mako uku ke nan yaran ba su magana, har matan gida sun fara ɗaukar ɓangare. Yana tambaya: wane irin kaya ne wannan, kuma wa ke da gaskiya?

AMSA: To Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Bari in fara da yi maka bayanin akwatin, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a gani ba.

Shi wasan PUBG wani kamfani ne na Koriya ta Kudu ya ƙago shi, na wayar hannu kuwa ya fito a shekarar 2018. Akwai ɗan'uwansa mai suna Free Fire, na kamfanin Garena da ke Singafo, wanda ya fito a ƙarshen 2017, shi ko ƙaramar waya tana ɗaukarsa. A PUBG mutum 100 ake zubawa a wani tsibiri, a Free Fire kuwa 50. Yawancinsu mutane ne na gaske, kowa riƙe da tasa wayar, wani a Gusau, wani a Legas, wani ma a wata ƙasa. Sukan diro daga jirgin sama da laima, hannu rabbana, sai kowa ya bazama cikin gidajen wasan yana tsintar bindiga da harsashi da hular kwano da rigar kariya da magani. Filin kuma sai ƙara tsukewa yake yi, har a rage saura ƙungiya ɗaya, ita ce ta ci. Galibi mutum huɗu-huɗu suke haɗa kai.

Can tsakiyar wasa jirgi kan jefo wani akwati mai fitar da jan hayaƙi, wanda a cikinsa akwai bindigogin da ba a tsintarsu a ƙasa. To wannan shi ne akwatin da ka nema a ɗaki ba ka gani ba. Haka kuma, idan aka harbi ɗan ƙungiya ba nan take yake fita daga wasa ba; yakan faɗi yana jan ciki na ɗan lokaci, idan abokinsa ya zo ya tsaya kansa sai ya tashe shi, idan aka ƙyale shi kuwa shi ke nan, sai dai ya zama ɗan kallo.

Wani abu kuma da ya kamata ka sani, Alhaji: duk abin da aka tsinta a irin wannan zagaye, da an gama ya tafi. Zagayen PUBG bai cika wuce rabin awa ba. Watau hular da aka yaga riga dominta, ko sallar la'asar ba ta kai ba.

Amma fa kada ka yi wa ɗanka dariya. Ba hula ce ta yi masa ciwo ba. Abin da ya yi masa ciwo shi ne ya kira ɗan'uwansa a lokacin da yake buƙatarsa, ɗan'uwan ya dubi kaya ya dube shi, ya zaɓi kaya. Ko babba aka yi wa haka sai ransa ya sosu.

Su kansu masu wannan wasa suna da ladubbansu na rabo, duk da ba a rubuce suke ba, kuma wanda ya saba karya su da wuya ya sami mai son haɗa ƙungiya da shi. Ga su nan kamar yadda suke.

Na ɗaya, mutum kafin kaya. Idan ɗan'uwa ya faɗi kuma akwai halin tashinsa, shi ake fara nufa, akwati ya jira.

Na biyu, wanda ya kayar da abokin gaba shi ke fara duba abin da ya bari. Sauran su jira ya ɗauki abin da yake so, sa'an nan su sa hannu.

Na uku, mai buƙata yana gaban mai kwaɗayi. Wanda ke da hula a kansa ba ya ɗaukar ta biyu alhali abokinsa na yawo kai ba komai. Wanda jakarsa ke cike da magani sai ya zubar wa wanda ba shi da ko ɗaya.

Na huɗu, kowane kaya a ba wanda ya iya shi. Bindigar harbin nesa ta mai saiti ce, ko da ba shi ya tsinta ba. Ai ko a gona ba ka ba mutumin da bai taɓa riƙe shanu ba garma don kawai ya riga kowa zuwa.

Na biyar, mai gadi yana da kaso. Yayin da mutum biyu suka duƙa a kan akwati, akwai wanda ya tsaya yana duba gabas da yamma domin kada a yi musu kwanton ɓauna. Idan aka kwashe aka bar shi, an yi kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Na shida, ba a ɓoyo. Abin da ka gani ka faɗa, ko da kai za ka ɗauka.

To bisa wannan ma'auni, Alhaji, ɗan ƙanenka ya yi laifi a cikin wasa, ya karya ta ɗaya ya haɗa da ta biyar. Shi kuma ɗanka ya yi laifi a wajen wasa, kuma nasa ya fi girma, domin an cuce shi a hoto shi kuwa ya rama a jikin mutum. Shawarata ita ce ka kira su kai da ƙanenka, ba a gaban mata ba, ba kuma a gaban abokansu ba. Ka bar kowa ya faɗi nasa har ya gama. Wancan ya ba da haƙuri a kan barin ɗan'uwa kwance, wannan ya ba da haƙuri a kan ɗaga hannu, ya kuma biya ɗinkin riga daga aljihunsa. Daga nan ka sa su faɗa da bakinsu, a gabanka, yadda za su riƙa rabo nan gaba.

Wannan na ƙarshen shi ne ainihin maganin. Ku da kuka taɓa bin farauta kun san yadda abin yake. Zomo ɗaya tal, wannan ya ce karensa ne ya tayar, wancan ya ce sandarsa ce ta fara samu, kafin ka ce kwabo an zare adda. Ba zomon ne ya kai a zubar da jini dominsa ba. Magana ce ba a yanke ba tun a bakin gari. Muddin nama bai faɗi ba, kowa mai adalci ne, domin bai san ko shi dokar za ta ba ko ita za ta hana ba. Da nama ya faɗi kuwa, kowa ya zama lauyan kansa.

WASIƘA TA BIYU, DAGA GUSAU

Wannan kuma wani matashi ne mai shagon cajin waya a Tudun Wada. Ya ce wasu samari huɗu da ke zama a shagonsa sun shiga wata ƙaramar gasar Free Fire, Allah ya ba su sa'a suka ci kuɗi. Kuɗin ya shiga asusun banki na ɗayansu, shi kuwa ya ce rabi nasa ne domin shi ne shugaba kuma shi ya rubuta sunansu. Na biyu ya ce shi ya fi kowa kayar da abokan gaba. Na uku ya ce shi ya sayi data duk kwanakin da suka yi suna gwaji. Na huɗu kuwa da wayar aro ya yi wasan, yanzu mai wayar ma ya zo neman nasa. Bugu da ƙari, a baya sun taɓa haɗa kuɗi suka sayi abin da suke kira daimon a asusun wasa na shugaban nasu, yanzu da rigima ta tashi ya sauya lambar sirri. Sun ce mai shago ya raba gardama, shi kuma ya jefo mana ita.

AMSA: To ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ka ga nan an bar zancen hula, an shigo zancen naira, saboda haka sai a yi shi yadda 'yan kasuwa ke yi.

'Yan kasuwarmu sun san abin da malaman fiƙihu ke kira ƙiradi, watau mai jari ya ba mai ƙarfi dukiya ya juya, a raba riba. Daga cikin sharuɗɗansa akwai cewa tun ranar da za a miƙa jarin ake ambata kason kowa, rabi ne, ko sulusi, ko rubu'i. Ba a cewa je ka dawo ma gani. Me ya sa? Domin an san halin ɗan Adam. Samarin nan naka sun yi je ka dawo ma gani, ga shi kuwa sun gani.

Tunda ba su yi sharaɗi ba, ga abin da nake ganin ya fi kusa da adalci. Da farko a fitar da abin da aka kashe: mai data a mayar masa da kuɗinsa daidai, idan akwai wata hidima da wani ya yi da aljihunsa ita ma a biya. Abin da ya rage a kasa shi huɗu, kowa ya ɗauki ɗaya. Mai wayar aro ba ya cikin huɗun, domin aro ya bayar ba haya ba, amma wanda ya ara ya kamata ya ciri wani abu daga nasa kason ya kai masa, don gobe ma rana ce.

Wanda ya ce shi ya fi kayar da mutane, a tambaye shi: wa ya tsare masa baya yayin da yake harbi? Wa ya tashe shi da ya faɗi? Wa ya ba shi harsashi da nasa ya ƙare? Idan aka ɗora jinka, wanda ke sama yana ɗauri shi ake gani, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukarta. Shi kuma shugaba, shigar kuɗi asusunsa ba ta mai da shi nasa ba. Ajiya ce, kuma sunan wanda ya taɓa ajiya kowa ya san shi.

Ba ina cewa dole kullum a raba daidai ba ne. Idan suna son shugaba ya riƙa samun ƙari, ko gwani ya sami tukuici, babu laifi, amma su faɗa kafin gasa ta gaba, a gaban shaida, kai ma kana iya rubuta musu a bayan littafin shagonka.

Don ku san ba yaranmu kaɗai wannan matsala ta dama ba, bari in ɗan leƙa da ku waje. A Amurka akwai wani wasan kwamfuta mai suna World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2004. A farkonsa mutum 40 ke haɗuwa su shafe awoyi suna yaƙar dodo ɗaya, idan ya faɗi ya bar kaya 'yan ƙalilan, kuma su irin nasu kayan ba su ɓacewa, suna nan tare da mai su. Mutum 40, kaya ba su kai biyar ba, ai kun ga an sami aiki. Hanyoyi uku suka fi shahara a wurinsu.

Ta farko ita ce ƙuri'a mai hawa biyu. Kowa zai bayyana ko buƙatar abin yake yi, ko kuwa sha'awa ce kawai. Masu buƙata su ake fara yi wa ƙuri'a, na'ura ta ba kowa lamba tsakanin 1 da 100, mai babbar lamba ya ɗauka. Sai idan babu mai buƙata ne masu sha'awa ke shiga. Ta biyu ita ce naɗa amintacce guda ɗaya ya riƙe rabo, kamar yadda mu kan ce wane kai ne babba, raba mana. Ta uku kuwa, wadda wata ƙungiyar masu wasan EverQuest ta ƙago tun 1999, ita ce ta tara maki. Duk ranar da ka fito aikin ƙungiya a rubuta maka maki, idan kaya ya faɗo mai maki da yawa ya saya da makinsa, ya koma baya ya sake tari. Wannan ai gayya ce da littafi: wanda ya je gonar kowa, ranar tasa kowa zai zo.

Kowace hanya da inda take yoyo. Ƙuri'a takan ba baƙon da ya zo yau ta hana wanda ya shekara yana wahala. Amintacce yakan karkata wajen abokansa. Maki kuma yakan sa sabon shiga ya daɗe yana kallo. Rigima ta yi yawa har a 2018 kamfanin ya soke tsarin mai rabo guda, ya sa na'ura ta riƙa ba kowa nasa kai tsaye, a 2022 kuma ya dawo da ƙuri'a a manyan yaƙe-yaƙen wasan. Darasin da ke ciki shi ne babu tsarin da ba shi da aibi, amma kowanne daga cikinsu ya fi a ce babu, in dai kowa ya san shi tun kafin a fara.

Saura batun daimon. A nan sai in ce a yi hattara ƙwarai. Asusun wasa suna ɗaya yake ɗauka, kamfanonin nan kuma dokokinsu sun hana sayar da asusu ko yin tarayya a kansa, suna ma iya rufe shi. Saboda haka wanda ya zuba kuɗinsa a asusun wani, ya zuba hatsinsa ne a rumbun da ba shi da mabuɗinsa. Kai, ko mai mabuɗin ma rumbun ba a gidansa yake ba. Kun tuna watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya a jihar nan saboda matsalar tsaro? A kwanakin nan wane ne ya iya taɓa daimon ɗinsa? Mai akuya kuwa akuyarsa na nan a turke. To shugaban nan ya lissafa abin da kowa ya zuba ya mayar masa, ko da kaɗan-kaɗan ne, su kuma kada su sake irin wannan haɗaka.

WASIƘA TA UKU, DAGA BUNGUDU

Ta ƙarshe daga wani dattijo ce, manomi a bakin gulbi. Ya ce shi bai ga dalilin da za a tsaya koya wa yara ladabin rabo a cikin abin da yake gani caca ce tsagwaronta ba. Ya ce abin da ya fi ɓata masa rai shi ne ya ji jikokinsa suna kiran abin da suke kwasa ganima, a wannan zamani da mutane ke kwana da ido ɗaya saboda masu kwasar dukiyar bayin Allah. Yana tambaya, ba gara a karɓe wayoyin a huta ba?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Maganarka tana da nauyi, kuma zan ɗauke ta gaɓa-gaɓa.

Game da caca, sai mu rarrabe. Ƙuri'a daban, caca daban. Dubi watanda da ake yi da salla. Mutum goma sun haɗa kuɗi sun sayi sa, mahauci ya kasa kashi goma, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da kayan cikinsa. Sai kowa ya kawo alamarsa, wannan tsinke, wancan dutse, a kira yaron da bai san na wane da wane ba ya ɗora a kan kashin nama. Babu wanda ya tafi hannu wofi, babu wanda ya ci kuɗin wani. Ƙuri'ar ta kawar da zargi ne kawai. Wannan ba caca ba ce. Caca ita ce ka sa kuɗinka, ko ka tashi da na mutane ko su tashi da naka.

To a cikin wasannin nan akwai wuraren da suka yi kama da ta biyun, kuma nan ne ya kamata iyaye su sa ido. Akwai akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi na gaske ba tare da an san abin da ke ciki ba, yaro ya yi ta zubawa yana fatan wata riga ko wata bindiga mai ado. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta binciki irin waɗannan akwatuna a wasu wasanni a 2018, ta ce caca ne. Haka nan gasar da kowa zai zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe duka, malamai sun daɗe da bayyana hukuncin irinta. Ta bambanta da gasar da wani can daban ya sa kyauta. Mai shagon Tudun Wada, wannan ma ya shafe ka: ka binciki irin gasar da samarinka suka shiga, idan ta zubi ce ku je wurin malami kafin a taɓa kuɗin.

Game da kalmar ganima kuwa, Baba, gaskiyarka. Ya kamata yara su san nauyinta. Ba ina kwatanta wasan waya da sha'anin magabata ba ne, Allah ya tsare, amma wanda ya ari kalma sai ya san mai ita. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, saɓani ya taso a kan abin da aka samu, tsakanin waɗanda suka tattara, da waɗanda suka bi abokan gaba, da waɗanda suka tsaya gadin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A kan haka Suratul Anfal ta sauka, aka tsara rabo: a fitar da humusi, watau kashi ɗaya cikin biyar, sauran a raba wa mayaƙa. Mai doki kaso uku, biyu na dokin ɗaya nasa, dakare kaso ɗaya. Sayyidina Usman bai halarci Badar ba domin yana jinyar matarsa Nana Ruƙayya, amma aka ba shi kasonsa. Ɓoye wani abu kafin rabo kuwa, wanda ake kira gululu, babban zunubi ne. A shekara ta 3, a Uhudu, an ajiye maharba 50 a kan tudu aka ce kada su gusa. Da mafi yawansu suka hangi ana tattara ganima suka sauko, sai aka zagayo ta bayansu, Musulmi 70 suka yi shahada.

Ka ga ke nan ganima abu ce mai shugaba, mai doka, mai hisabi. Shanun da aka kora daga rugar bawan Allah, da buhun da aka sauke daga motar ɗan kasuwa a hanyar Funtuwa, da kuɗin da aka karɓa kafin a saki mutum, waɗannan ba ganima ba ne ko wa ya kira su haka. Sunansu fashi, kuma ko an raba su daidai wa daida haram suke. Wannan ka faɗa wa jikokinka da bakinka, za su fi ji daga gare ka.

Batun karɓe waya kuma, kai ne mai gidanka. Idan wasa ya hana yaro salla, ko makaranta, ko zuwa gona, ko ya kai shi ga taɓa kuɗin cefane, to a karɓe, babu wata doguwar magana. Amma ka sani idan ka karɓe ta hannunsa akwai ta abokinsa a bakin kasuwa. Abin da zai bi shi duk inda ya je shi ne halin da ka dasa masa. Ni a ganina, wata rana ka sa jikanka ya zauna kusa da kai ya yi zagaye ɗaya kana kallo. Kada ka damu da harbe-harben, ka lura da abu biyu kawai: idan abokinsa ya faɗi, ina yake nufa? Idan ya tsinci abu biyu, yana ba da ɗaya? Abin da ka gani a nan shi za ka gani ranar da aka ba shi awon hatsi, ko ranar da aka zauna rabon gado. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

KAFIN MU RUFE

Jama'a, lokaci ya ƙure mana, amma bari in juyo kanmu mu manya, domin yaran nan ba daga sama suka koyo ba. Kai da ka ba wani gonarka ya noma a raba amfani, kun faɗi buhu nawa cikin nawa tun kafin shuka, ko sai an kai masussuka? Wa zai ɗauki kuɗin taki, wa ke da kara da harawa? Kai da ka ba da tunkiya kiwo, kun yanke zancen 'ya'yan da za ta haifa, da abin da za a yi idan ta mutu? Ku da kuka haɗa kuɗi kuka ɗauko motar masara, kun yi maganar faɗuwa, ko riba kaɗai kuka lissafa? Ku masu watanda, fata da kai da ƙafafu na wane ne?

Sau da yawa kunya ce ke hana mu. Mutum ya ce haba, ni da ɗan'uwana har sai mun yi sharaɗi? To kunyar minti biyar a farko ta fi gabar shekara biyar a ƙarshe. A faɗi kason kowa tun ba a samu ba, a sa shaidu biyu, idan da mai rubutu a rubuta. A fitar da abin da aka kashe kafin a kira sauran riba. Kada a manta da wanda ya yi gadi. Idan abu ɗaya ne tsakanin mutum biyu, ɗaya ya kasa, ɗayan ya fara zaɓa. Idan kaso ya yi daidai aka rasa mai fara ɗauka, a yi ƙuri'a, wanda ta faɗa wa kuma a yi masa barka.

Alhajin Tsafe, muna jiran labarin sulhu. Mai shagon Gusau, Allah ya ba ka ikon faɗin gaskiya ko da za ka rasa mai kawo caji. Baba na Bungudu, mun gode da tunatarwa, a sa mu cikin addu'a.

Sauran waɗanda wasiƙunsu ke hannunmu su ƙara haƙuri, muna bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci.